Injin da Ke Tsoron Bi Mboja

Bangon da ya raba madafar Bi Kazija da ɗakin maƙwabtanta bai kai rufi ba. Magini ya bar tazara a sama don iska ta riƙa ratsawa, kuma shekara goma sha tara ke nan ba iska kaɗai ke ratsawa ba. Ran wata Litinin da hantsi Kazija na zaune tana gurzar kwakwa, sai ta ji an dire kofi da ƙarfi a ɗaya gefen. Ta sassauta hannu.

"Juma'a jirage za su tashi ci-ranin dago," in ji Shaame, mijin maƙwabciyarta Bi Mboja, "kuma da ni za a tafi."

"Ka yi mini alkawari, Baban Zuwena."

"Na ce in akwai ƙanƙara zan zauna. Abin da injinki ke fitarwa ko shayi ba zai huce da shi ba."

"Shekaranjiya Asabar ka gani da idonka. Sai da aka sa gatari aka fasa ta."

"Asabar ke nan. Kifi zai jira Asabar kafin ya ruɓe? Injin nan irin ɗalibanki ne na da, Mai girma. Kina tsaye a kansa ya yi aiki, kina juya baya ya miƙe ƙafa."

"Kada ka ƙara ce mini Mai girma a ɗakin nan."

"To, Malama. Ba ke kika karanta mini takardar ma'aikata ba? Suna ganin komai daga ofis. In Alhamis ta yi faifayen solar nan ba su farka ba, jirgi zai zo ya kwashe su ya kai tsibirin Fumbani. In zauna in yi gadin me? Kuma tunda ke ce malamar lissafi, ki gaya mini wa ke dago a gidan nan. Ni wata huɗu a shekara, ke kwana huɗu a mako."

Kazija ta daina gurzar gaba ɗaya. Da Bi Mboja ta sake magana, muryarta ba irin wadda ake ji a rediyo daga majalisa ba ce.

"Shekara uku ina yi wa mutane jawabi a kan arzikin masunta. Kai kaɗai ka san don me na nace a kan ƙanƙarar nan."

"Na sani," in ji Shaame. "Shi ya sa ban gaya wa kowa ba."

Ƙofa ta yi ƙara, takunsa ya nufi bakin ruwa. Kazija ta dubi kwakwar da ke hannunta, ta ga ta gurje ta har ɓawo.

A tsibirin Kibanje ba a tambayar yaro ranar haihuwarsa, ana tambaya ne ko ubansa na nan. Mboja 'yar Faki tana cikin waɗanda aka haifa uban na dago, ci-ranin da masunta ke tafiya duk shekara in iskar arewa ta juyo, su yi zango a gaɓar da ke kusa da kasuwa, don kifin da aka kama a Kibanje ba ya kai kasuwa da mutuncinsa. Faki ya fara ganin 'yarsa ne tana zama da kanta. Kazija, wadda suka tashi tare, tana tuna Mboja a kan saiwar kukar da ke ƙarshen tsibiri tana ƙirga jirage masu dawowa. Sauran yara suna ihu suna gudu zuwa bakin ruwa. Ita sai ta gama ƙirga, ta tabbata sun cika, sannan ta sauko ba gaggawa, kamar ba ta damu ba.

A aji bakwai Kazija ce ta zo ta ɗaya, Mboja ta biyu. Wannan magana ba wanda ke tunawa da ita yanzu sai mutum ɗaya. Mboja ta wuce makarantar horon malamai a Pemba, ta dawo ta yi shekara goma sha bakwai tana koyar da lissafi, tana buga tsohon wilin mota a madadin ƙararrawa, a tsibirin da mota ba ta taɓa takawa ba. Ta sha rantsuwa ba za ta auri masunci ba. Ta auri Shaame, wanda ya fi kowa son dago.

Siyasa kuwa takalmi ne ya jefa ta ciki. Wakilin da ke kan kujera a lokacin yana zuwa sau ɗaya a shekara, kuma da yake babu gadar sauka, goya shi ake yi daga jirgi zuwa tudu don kada takalminsa ya jiƙe. A wani taro Mboja ta ɗaga hannu kamar ɗaliba, ta tambaye shi cikin ladabi ko ya san ruwan Kibanje ɗumi gare shi ko sanyi. Mata suka yi dariyar da har yanzu ake labarinta. Zaɓe ya faɗo maza na dago, ƙuri'ar mata ce ta cika akwati. Da jirage suka dawo, Shaame ya tarar matarsa ce wakiliyar tsibirai uku a majalisa can Unguja, ya ce shi ko tsaraba bai sayo wadda ta dace da wannan matsayi ba.

Ba ta yi zaman ɗumama kujera ba. Ita ta samo gadar sauka, da kwale-kwale mai inji na ungozoma, ta kuma sa aka daina aiko takardun jarrabawa a kwali, bayan shekarar da suka iso a jiƙe aka shanya su a kan igiya kamar wanki. Amma labarin da aka fi so shi ne na kifi. An ce ranar da kwamiti zai duba buƙatarta ta faifayen sola da injin ƙanƙara, ta shiga ɗakin taro da ƙarfe tara da kifin da aka kama da asuba, naɗe cikin zanen kanga, ta ajiye a ƙarƙashin tebur. Ba ta nemi izinin magana ba sai ƙarfe biyu, lokacin da manyan mutane suka fara duban juna da zargi. Sai ta fito da shi ta ce, "Ga arzikin mazaɓata, kamar yadda yake isa kasuwa." An ce hanci a toshe aka sa hannu. Ita dai tana musantawa. Ta ce ba a ƙarƙashin tebur yake ba, a jakarta yake.

Faifai arba'in aka kafa a kan tudun ƙarshen tsibiri, cikin tsohon filin shanya kanumfari mai doguwar katanga ta hana awaki. Waya ta gangaro zuwa ɗakin inji a bakin ruwa. Makullin filin aka ba Fundi Machano, mahaifin Kazija, wanda ya sassaƙa rabin jiragen Kibanje kafin hannu ya fara yi masa rawa. Mboja ce ta zaɓe shi, don ta san ba abin da ke lalacewa a hannunsa.

Nan matsalar take, kuma Kazija ta san ta tun makon farko.

Duk wanda ya taɓa ajiye jirgi a kan yashi ya san rana ce ke kashe katako. Shi ya sa ake lulluɓe shi da zanar ganyen kwakwa, ba a yaye shi sai zai shiga ruwa ko mai shi ya zo dubawa. Fundi ya taɓa faifayen da tsakar rana ya ji suna ƙuna kamar kasko, ya ce in katako mai kaurin hannu yana tsagewa, ina ga gilashi. Ya bar su su sha ranar safe mai sauƙi, da hantsi ya rufe su ruf, sai la'asar sakaliya ya buɗe. Ran Asabar, da ya san Mboja za ta hau dubawa, sai ya kwashe zanar tun asuba ya jibge bayan katanga, ya goge gilashin har yana ɗaukar ido, don ba a nuna wa mai jirgi jirginsa a lulluɓe. Haka ya yi wa masu gyara da suka zo sau biyu, suka auna komai, suka ga lafiya lau, suka koma suna sosa ƙeya. Maza ba sa hawa tudun, ba teku a can. Suka yanke cewa injin tsoron Bi Mboja yake yi, kamar kowa.

Mata kuwa suna bi ta nan neman itace. Kuma Fundi bai iya saƙa ba. Zana arba'in ɗin nan wasu ne suka saƙa masa.

Kazija ta daɗe tana gaya wa kanta cewa don Baba ta yi shiru. Tsoho ya samu abin da ke tashinsa da safe, wa zai ce masa ɓarna yake yi? Wannan gaskiya ne, kuma shi take ɗorawa a sama. Ƙarƙashinsa akwai aji bakwai, da ɗan daɗin da take ji in ta ga abu ya gagari malamar lissafi. Can ƙasa kuma, inda ba ta cika leƙawa ba, akwai mijinta Vuai. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Amma in yana gida yakan ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar madafa ya koya mata girki. Yana ƙirga kanumfarin shayi. Yana da ra'ayi a kan yadda ake shanya zane. Wata huɗun dago su ne lokacin da Kazija ke cin abinci in ta ji yunwa, ta zauna a dakali har inuwa ta juya, ta je biki Fumbani ta kwana uku ba wanda ya tambayi inda murfin tukunya yake. In ƙanƙara ta kama, dago ya mutu. Kazija tana da 'yar fitilar sola a kan rufinta, ta kuma san abin da ke faruwa in iska ta jefa zane a kan faifanta. Kowace mace a Kibanje ta sani.

Ba su taɓa zama sun ƙulla ba. Fundi ya nemi zana, aka saƙa masa, da sauri fiye da yadda aka saba. Firjin asibiti na da nasa faifan daban, wannan ko inuwar tsuntsu ba a bari ta faɗa masa.

Sai ga abin da ya ratso ta saman bango da hantsin nan. Kazija ta yi shekaru tana ɗaukar ƙanƙarar a matsayin abin ado na siyasa, irin wanda ake ɗaukar hoto a gabansa. Yanzu ta ga yarinyar nan ce a kan saiwar kuka, har yau tana ƙirga jirage, sai dai ta samu majalisa ta taya ta. Ta wanke hannu, ta yafa kanga, ta zagaya.

Ta tarar da Mboja zaune a bakin gado, jakar tafiya a buɗe, jirgin Litinin ya riga ya tafi ba ita.

"Ranki ya daɗe, yau majalisa ta huta da ke?"

"Kazija, ba ni da ƙarfin tsokanarki yau."

"To tashi ki raka ni, zan kai wa Baba abinci."

"Sai Asabar nake hawa. Bari in aika a gaya masa."

"Kada ki aika. Ki cire takalmin nan mai ƙwas-ƙwas, ki sa silifa."

Mboja ta dube ta irin duban da take yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye littafinsa. Sannan ta sa silifa.

Rana na tsaka suka isa. Kazija ta tura ƙofar filin, ta matsa gefe. Layi huɗu, goma-goma, kowane faifai sanye da rigarsa ta ganyen kwakwa, an ɗaure kusurwoyi da igiya irin ɗaurin da guguwa ba ta kwancewa. Wuri ya yi sanyi, ya yi kyau, har da kaza kwance a inuwa. Mboja ta tsaya riƙe da ƙofa. Kazija na kallon wuyanta, ta ga jawabi guda ya hau ya sauka ba a furta shi ba.

Fundi ya taso daga gindin katanga yana gyara hula, ransa a ɓace.

"Haba 'yar Faki, ba a yi wa mutum haka. Da kin aiko ai da na buɗe miki su."

"Laifina ne, Baba Fundi. Kullum haka kake rufe su?"

"Ko rana ɗaya ban yi fashi ba. Je ki duba, in kin samu tsaga ko ta gashin kai, ki karɓi makullinki. Yaron da ya kafa su cewa ya yi in kula da su kamar idona. Ni kuwa ba na barin idona a rana."

"Ba shakka." Ta zauna a kan dutse kusa da shi, ta karɓi kwanon rogo da madarar kwakwa daga hannun Kazija ta buɗe masa da kanta. Sai da ya kai loma uku ta ce, "Baba, wata shari'a aka kawo mini, na rasa yadda zan yanke. Wani mutum ne ya sayi sabon ƙyallen jirgi, mai kyau, wanda iska ke turawa har Unguja a yini ɗaya. Don tsoron kada iska ta yaga shi, sai ya naɗe ya tura ƙarƙashin gado. Yanzu yana kuka jirginsa ba ya tafiya."

"Ɗan Fumbani ne?"

"Ban tambaya ba."

"Ɗan Fumbani ne. Ki ce masa ya sayar da jirgin ya koma noman rogo. Ƙyalle ai don iska aka yi shi, in bai sha iska ba me..."

Ya tsaya. Mboja ba ta dube shi ba, faifayen take kallo. Kaza ta tashi ta karkaɗe jiki. Fundi ya ajiye lomar da ke hannunsa a hankali.

"Rana ce iskarsu?"

"Ita ce, Baba. Kuma ta tsakar ranar nan mai ƙuna, ita ce iska mai kyau."

"Ba sa tsagewa?"

"An gasa su a wutar da ta fi wannan kafin a kawo su."

Tsohon ya daɗe yana duban hannuwansa. Kazija ta ji kamar ta nutse. Wannan fuskar ce ta yi wata biyu tana gudun gani, ko aƙalla haka take gaya wa kanta.

"Wata biyu," in ji shi. "Gobe yaran bakin ruwa za su sa ni a waƙa."

"A kan me? Ɗakin batura rufin kwano ne, masu gyara sun ce zafi na cin su, sun ce a yi masa rumfa. Kai ka riga su tunani, ka sa aka saƙa zana arba'in, ka ajiye su a nan kafin a samu sanduna. Abin da zan faɗa ke nan, kuma ni ce wakiliya."

"Ƙarya za ki yi, 'yar Faki?"

"Rumfar za ta tsaya kafin magariba, Baba. Daga nan ta zama gaskiya."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya miƙe. Bai yarda kowa ya taya shi kwance igiya ko ɗaya ba. Shi ya ɗaura, shi zai kwance. Su biyun aikinsu jibge zanar a bakin ƙofa, kuma a nan ne Mboja ta fara juya su tana duba baki.

"Wannan ƙullin na Bi Mashavu ne, ita kaɗai ke gamawa ta hagu. Wannan na matar ladan. Wannan mai tsaurin kamar za a tare harsashi, naki ne, tun muna yara haka kike saƙa." Ta sauke murya don kada tsohon ya ji. "Ku nawa ne?"

"Ban ƙirga ba."

"Kazija, ke kika zo ta ɗaya a lissafi."

Kazija ta ɗago da sauri. Ashe mutum biyu ne ke tunawa.

"Kusan duk mai miji," in ji ta.

"Kuma kowaccenku na da fitilar sola a kan rufi."

"Muna da ita."

"To don me? Ni na yi muku wani abu?"

"Ke kam ba ki san komai ba, Mboja. Naki mijin in yana gida kina Unguja, in kina gida yana teku, shi ya sa har yau kuke kamar sababbin aure. Kin taɓa zama da namiji wata goma sha biyu cur? Jiya Vuai ya nuna mini yadda ake riƙe tsintsiya. Ni, da na yi shekara ashirin da huɗu ina share masa gida. Mun zaɓe ki don fitila da firjin asibiti da gadar sauka. Ba wadda ta ce ki dawo mana da su."

Mboja ta dube ta. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta yi a gaban jama'a, har ta zauna a kan tarin zanar tana share ido da gefen kanga. Fundi ya waiwayo, ya girgiza kai, ya ci gaba da kwance igiyarsa.

"Shekara uku," in ji ta da ta samu numfashi, "ina faɗa da ma'aikata, da kwamiti, da mutanen Fumbani. Ashe 'yan adawa suna bayan bangona suna gurzar kwakwa. To me ya sa yau kika tona?"

Kazija ta tsinci wani ganye tana murzawa.

"Bangon bai kai rufi ba."

Dariyar ta tsaya. Mboja ta kau da kai wajen teku, kunnuwanta kamar za su kama wuta. Wannan mata ta tsaya gaban ministoci ba ta ƙifta ido ba, amma yanzu ta rasa inda za ta sa fuskarta.

"In kika gaya wa wani..."

"Wa zan gaya wa? A ce wakiliyarmu mijinta take so? Ai sai a daina tsoronki, injin ma ya daina."

A bayansu gilashi na fitowa ɗaya bayan ɗaya, baƙi wuluk, yana shan rana.

"Ki gaya wa matan," in ji Mboja, muryar majalisa ta dawo, "manyan kifin da suka cancanci ƙanƙara ba a bakin gaɓa suke ba. Suna can ruwa mai zurfi, tafiyar kwana uku, zuwa da dawowa. Mai ƙanƙara a jirgi ba shi da hujjar kwana a gida kullum. Zan sa ƙungiyar masunta ta tsara fita rukuni-rukuni."

"Kwana huɗu."

"Ƙanƙarar ba za ta kai huɗu ba."

"A ƙara mata buhu."

"Uku da rabi, kuma ku za ku kafa rumfar nan yau."

Kafin magariba rumfa ta tsaya a kan ɗakin batura, mata goma sha tara suka kafa ta, ba wadda ta dubi idon wata. Fundi na tsaye yana ba da umarni, masu wucewa na yaba hangen nesansa. Talata da azahar aka ji injin na gurnani a ranar da ba Asabar ba. Laraba sai da gatari. Yara da manya suka yi ta yawo da gutsattsarin ƙanƙara a baki, ladan ya kira la'asar da murya a dashe. Alhamis ba jirgin da ya zo. Injiniyan ma'aikata ya bugo waya yana tambayar abin da aka gyara, don lambobin da yake gani sun tashi kamar an yi musu allura. Mboja ta ce masa an ɗan sake tsarin kulawa ne, bisa shawarar wani dattijo masani.

Ran Juma'a jirage goma sha bakwai ne suka shirya, shida suka tashi. Na Vuai bai tashi ba. Kazija ta tsaya a bakin ruwa tana ɗaga wa masu tafiya hannu da wani irin kallo, har wata ta tambaye ta ko tana da ɗan'uwa a ciki. Shaame ya sauke ƙunshinsa daga jirgi da kansa, ya ratsa gari da shi a kafaɗa yana gaya wa duk wanda ya tare shi cewa ƙafarsa ce ke ciwo. Mboja na tsaye a ƙofar gida. Ba ta je tarye ba. Kazija ta ga leɓɓanta na motsi, ta san ƙirga take yi.

Mako bakwai ke nan yanzu. Kifin Kibanje na isa kasuwa da idonsa garau, Fundi na goge gilashi sau biyu a rana yana zagin tsuntsaye, Vuai na tafiya kwana uku da rabi ya dawo da sababbin ra'ayoyi. Majalisa ta yi hutun wata guda, Mboja ta yi shi cur a gida, Shaame kuma rukuninsa bai cika fita ba saboda ƙafar nan da ta ƙi warkewa. Abin da ke ratsowa ta saman bango ya canza. Shaame ya jera mata takardunta bisa tsawo. Ya naɗe kifi da shafi na tara na rahoton kwamiti. Yana ganin jawabanta sun cika tsawo, kuma ya san inda ya kamata ta riƙa tsayawa ta sha ruwa. Shekaranjiya Kazija ta ji shi yana nuna mata yadda ake riƙe alƙalami.

Yau Litinin hutu ya ƙare. Kazija na shara ta ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi ya fito tun jirgi bai ko ɗaga anga ba, ya wuce, ya dawo, ya tsaya a ƙofarta. Mboja ce, jaka a kafaɗa, fuska fayau kamar mai tafiya biki. Ta waiwaya ta dubi gidanta, inda Shaame ke kiran a tuna masa inda aka ajiye murfin tukunya. Ta matso, ta rage murya.

"Kazija, zanar nan, in akwai saura kada ki sa a wuta. Ki cika su arba'in ki ɓoye mini, ban ce zan yi amfani da su ba, ina dai so in san suna nan."